Zero Delay, I-PAC, Pico ko Brook: wanne za ka sa a akwatin gem ɗinka, kuma ya za ka ja wayoyin

Yawancin masu haɗa akwatin gem na tsaye a gida hankalinsu na kan katako ne da fenti da sikirin, a je wajen kafinta ya yanka MDF, a huda ramukan botin, a liƙa hoton Street Fighter a gefe, komai ya fito tsaf. Sai an zo kan ɗan bodin nan da ke ɓoye a ƙarƙashin fanel, wato enkoda, sannan ake fara tambayar wanne za a saya, kuma amsar da aka fi bayarwa ita ce ka sayi mai arha ka gwada, in bai yi ba ka canza. Ni dai ban cika yarda da wannan shawarar ba, don ba bodin ne wahalar ba, wayarin ɗin ne. Lissafa ka gani, mutum biyu, kowa da sanda mai suwic 4, botin 6, da na Start da na kwabo, suwic 24 kenan, kowanne da ƙafa biyu da za a sa wa waya, wajen kan waya 48 za ka matse da hannunka kana durƙushe. In ka ja su daidai da tsarin wani bodi sannan daga baya ka koma wanda tsarinsa daban ne, to kusan duk aikin sai ka sake shi.

Aikin enkoda ba wani mai yawa ba ne. Botin da sanda ba su san komai ba, suwic ne kawai, ko a haɗe ko a buɗe. Enkoda ne ke ganin an haɗe ya faɗa wa kwamfuta ta USB, kuma hanya biyu ce yake faɗa, ko dai ya nuna kansa a matsayin kibod, ka danna botin kwamfuta ta ga an danna Ctrl, ko ya nuna kansa a matsayin hannun gem. Duk rigimar zaɓin daga nan take farawa, saboda haka kafin ka buɗe AliExpress ka fara amsa ma kanka me zai zauna a cikin akwatin, tsohuwar kwamfuta mai Windows da MAME ce, wato manhajar da ke kunna gem ɗin tsofaffin akwatuna, ko ƴar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi mai manhajar gem ta RetroPie ko Batocera, ko kuwa PS4 kake son cusawa ka buga Tekken.

Sai kuma gem ɗin da za ka fi bugawa, su ne ke faɗa maka yawan botin. Street Fighter II na 1991 botin 6 ne, Mortal Kombat na farko 5, gem ɗin Neo Geo irin su Metal Slug da King of Fighters ba sa wuce 4, Tekken ma 4. Na mutum huɗu irin Ninja Turtles na 1989 botin 2 kacal kowa yake buƙata, NBA Jam 3. Kenan 6 ya isa kusan komai, 8 sai in za ka sa gem ɗin PlayStation. Masu jera botin 8 ga ɗan wasa na uku da na huɗu kuma gaskiya asarar rami ce da waya.

Mu fara da Zero Delay tunda shi ne kowa ke fara gani, shi ake sakowa cikin kwalin nan mai sanda biyu da botin masu launi. Bodi ɗaya na mutum ɗaya ne, yana ɗaukar botin 12 da sanda, kowane botin da ɗan farin soket ɗinsa mai ƙafa biyu, akwai kuma soket mai ƙafa 5 na sanda irin ta Sanwa. Ba ka buƙatar dalma ba ka buƙatar filaya, ka cusa ka cusa ka jona USB, kwamfuta ta gan shi da suna DragonRise Generic USB Joystick, shikenan. Ga wanda bai taɓa riƙe waya ba wannan ba ƙaramin abu ba ne kuma ba zan raina shi ba. Amma akwai abubuwa uku da mai talla ba zai faɗa maka ba.

Na farko wayoyin gajeru ne, an yi su ne don ƙaramin akwati na cinya, in fanel ɗinka mai faɗi ne botin kwabo yana can gaba a ƙasa ba za su kai ba sai ka yi jonin. Kuma iri biyu ake sayar da su, masu kai 2.8mm da masu kai 4.8mm, in ka yi odar wanda bai dace da botin ɗinka ba ko dai ya ƙi shiga ko ya dinga zamewa.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci min rai. A yawancin bodin nan, layin da ya haɗa duk soket ɗin ba nagetif ba ne, 5V ne. Kusan duk sauran enkoda na duniya da ma tsofaffin akwatunan asali tsarinsu ɗaya, kowane suwic ƙafarsa ɗaya na kan GND wato nagetif, ka danna a ja siginar ƙasa. Shi Zero Delay ya juya abin. Muddin wayoyinsa kake amfani da su ba za ka ma sani ba, amma ranar da ka ce bari in sa na'urar karɓar kwabo, ko in haɗa nagetif ɗin fitilun botin da na suwic, ko wannan layin ya taɓa ƙarfen da ke haɗe da GND, to 5V ka haɗa da nagetif kai tsaye, ko USB ya ɗauke ko bodin ya tafi. Sa mita ka gwada kafin ka yi dabara, ka taɓa jikin ƙarfen USB ɗin da ƙafar da ta zagaye duk soket ɗin, za ka ga ko wane iri ne a hannunka don ba duka ne iri ɗaya ba.

Na uku, guda biyun da ka saya sunansu ɗaya lambarsu ɗaya a idon kwamfuta. Yau ka kunna na hagu ne ɗan wasa na 1, gobe an ɗauke wuta an dawo ka ga na dama ya zama na 1, kana tura sanda mutumin abokinka ne ke tafiya. A Windows abin ya fi yawa. A RetroPie kuma tunda da suna yake ajiye saitin, saiti ɗaya ne zai hau kan duka biyun, don haka dole botin da ka sa a soket ɗin K1 na hagu shi ne a K1 na dama, har ƙarshe, in ka saɓa ko guda ɗaya ne naushin ɗan wasa na 2 zai koma shuri. Ana iya gyarawa, amma aiki ne da za ka yi ta komawa kansa.

Maganar jinkiri kuwa, sunan nasa na Zero Delay, wato ba jinkiri, talla ne kawai, yana bayan Brook da Pico da za mu zo kansu a sauri. Sai dai mu faɗi gaskiya, gem ɗin nan yawanci hoto 60 suke nunawa a daƙiƙa, kowane hoto wajen milisakan 16.7, kuma talabijin ɗin da ka ɗora wa akwatin in ba ka sa ta a Game Mode ba jinkirin da take ƙarawa ya ninka na enkodan. Mai buga Pac-Man da Metal Slug da yara ba zai taɓa ji ba. Wanda ya ƙware a gem ɗin faɗa yana ƙirga hoto shi ne zai ji.

Xin-Mo shi ne ɗan tsakiya, bodi ɗaya mutum biyu, USB ɗaya, kuma GND ne layinsa na gama-gari kamar yadda ya kamata. Tunda abu ɗaya ne ba ruwanka da musayar na 1 da na 2. Matsalarsa a tsofaffin Linux ce, sukan gan shi a matsayin hannu ɗaya sai ka ƙara wani layi na usbhid.quirks a fayil ɗin cmdline.txt kafin ya rabu biyu, kuma fil-fil ɗinsa a matse suke, in ba ka riƙe takardar zanensa ba za ka yi ta ƙirga ƙafa da tocila. In ka same shi da arha kuma ba za ka ƙara komai ba nan gaba ya fi Zero Delay biyu a ganina.

I-PAC kuma na kamfanin Ultimarc ne da ke Ingila, shi ne wanda masu akwatin MAME suka daɗe a kai. I-PAC 2 yana da mashiga 32, I-PAC 4 yana da 56 na mutum huɗu. Ba soket, sukurori ne jere a gefe biyu an rubuta wa kowanne suna, 1SW1, 1SW2, 1COIN, GND, ka fere waya ka cusa ka ɗaure da ƙaramin sukundireba. Tsawon waya kai ne mai yankewa. Yana zuwa ne a matsayin kibod kuma an riga an saita shi da haruffan da MAME ke amfani da su tun fil azal, ita MAME ɗin ai tun 1997 Nicola Salmoria ya fara ta. Ɗan wasa na 1 kibiyoyi da Ctrl, Alt, Space, Shift, Z, X, na 2 kuma R, F, D, G na sanda sai A, S, Q, W, Start 1 da 2, kwabo 5 da 6. Ka jona ka buɗe gem ya kama aiki, ba saitin komai. Kuma harafin A harafin A ne ko sau nawa aka ɗauke wuta, babu yadda za a yi hagu ya zama dama.

Abin da na fi so a jikinsa shi ne botin Start na ɗan wasa na 1 yana aiki biyu. Ka riƙe shi ka danna Start 2 ka fita daga gem, ka riƙe shi ka danna botin farko kwabo ya shiga, ka tura sanda dama menu na Tab ya buɗe, a tsofaffin MAME ka ja ta ƙasa gem ya tsaya. Ma'ana ba sai ka huda wasu ramuka huɗu na botin gudanarwa da yara za su yi ta dannawa tsakiyar wasa ba, fanel ɗin ya zauna fes. In kana son canza haruffan akwai manhajar WinIPAC, kuma a cikin bodin saitin yake zama.

Shi ma da nasa. Kuɗin guda ɗaya zai sayi Zero Delay da yawa, ga kuɗin kawowa daga Ingila a wannan canjin da muke ciki. Sannan zamansa kibod yana kawo ƴan abubuwan haushi a Windows, ka danna botin na huɗu sau biyar a jere wato Shift sai akwatin Sticky Keys ya faɗo maka tsakiyar faɗa, dole ka kashe shi tun ranar farko, Alt da Space tare ma a wasu manhajojin menu suke buɗewa. Sababbin gem ɗin Steam, kantin gem na kwamfuta, da yawa ba sa yarda mutum biyu su buga a kibod ɗaya, hannun Xbox suke nema. Sababbin I-PAC ɗin suna iya komawa DInput ko XInput, wato yanayin hannun gem, in ka riƙe Start 1 da wani botin na ƴan daƙiƙoƙi, to amma in a XInput zai ƙare rayuwarsa me ya sa ka biya kuɗin kibod tun farko. A RetroPie ma ɗan wasa na 2 sai ka shiga retroarch.cfg ka rubuta masa haruffansa da hannu.

Raspberry Pi Pico da GP2040-CE shi ne sabon shigowa kuma shi ya rikita kasuwar. Pico ya fito a Janairun 2021 a kan dala 4, yana da ƙafa 26 da za ka iya amfani da su, GP2040-CE kuma manhaja ce ta kyauta da ake zuba masa. Ka riƙe ɗan botin BOOTSEL ka jona, ya bayyana kamar filashi, ka jefa fayil ɗin UF2 a ciki, ya zama hannun gem. Yana aika rahoto sau 1000 a daƙiƙa, yana yin XInput, DInput, Switch, PS4 har da kibod. In kana son saiti ka riƙe Start ka jona, ka buɗe burauza ka rubuta 192.168.7.1, ba a buƙatar intanet, shafin a cikin bodin yake, a nan za ka ce ƙafa kaza ita ce botin kaza. Kenan ko ka ja waya ba daidai ba ba sai ka cire ba, a shafin za ka gyara. GND ne gama-garinsa shi ma.

Wahalarsa ɗaya, tsiraran bodi ne, ko ka iya dalma ko ka saya masa ɗan bodin zama mai sukurori, wanda ni shi nake ba da shawara don da shi ya zama kamar I-PAC wajen ɗaurin waya. Bodi ɗaya mutum ɗaya ne, kenan biyu za ka saya, kuma in duka biyun suna XInput maganar wa ya riga wa tana iya dawowa. Dabarar ita ce in MAME ne abin da ka fi yi, ka sa duka biyun a yanayin kibod ka ba kowanne haruffansa, musaya ta ƙare. Sannan 3.3V yake aiki da shi, kar 5V ya kusanci ƙafafunsa balle 12V.

Brook na Taiwan ne kuma maganarsa gajeriya ce, in akwai PlayStation ko Xbox a lissafinka shi ne, in babu kar ka ɓata kuɗinka. PS4 tana tambayar hannu shaidar cewa na gaske ne, wanda bai da ita duk bayan minti 8 sai ta yanke shi. Universal Fighting Board ɗinsu ya warware wannan, yana kama PS3, PS4, Xbox 360, Xbox One, Switch da kwamfuta, PS5 kuma sai da ƙari ko sabon samfurin Fusion. Shi ne mafi tsada a duk waɗanda na ambata kuma guda biyu za ka saya.

Akwai masu cewa a fasa tsohon kibod a yi dalma a kan bodinsa. Kar ka fara, kibod na ofis in mutum biyu suka danna abu shida bakwai lokaci ɗaya wasu ba za su shiga ba, wasu kuma da ba a danna ba su shiga. Masu jona botin kai tsaye a ƙafafun GPIO na Raspberry Pi kuma yana aiki, suwic 24 na shiga da ƙyar, amma kuskure ɗaya Pi ɗin gaba ɗaya ka ƙona maimakon bodin dala 4. Wanda kuma Pandora's Box, bodin nan da ke zuwa da gem a cikinsa, mai bakin JAMMA ko bodin gem na asali zai sa ba ya buƙatar enkoda kwata-kwata, wayoyin kai tsaye suke tafiya soket mai ƙafa 56 ɗin nan da kamfanonin Japan suka tsayar a tsakiyar shekarun 1980. Botin 3 aka tanadar wa kowane ɗan wasa a ciki, shi ya sa da Street Fighter II ya zo sai da Capcom suka ƙara wata waya daban don botin shuri.

To in ni za ka tambaya, kwamfuta da MAME mutum biyu, I-PAC 2 in aljihu ya yarda. In bai yarda ba ko kuma Batocera ce ko gem ɗin Steam, Pico biyu da bodin sukurori. Zero Delay na bar wa wanda ke son ya gama a yini ɗaya kuma ya tabbata ba zai sa na'urar karɓar kwabo ba, ba zai ƙara komai ba. Abu ɗaya da zai iya juya lissafin shi ne ƙwallon mirginawa na su Centipede da Missile Command ko abin murɗawa na Arkanoid da Tempest, waɗannan ba suwic ba ne, kamar linzamin kwamfuta suke aiki, Zero Delay ba ya jin yarensu. Sababbin I-PAC 2 da Mini-PAC suna da wajen sa su, ko ka sayi mai USB ɗinsa daban.

Yanzu wayarin. Ka fara sanin irin botin ɗinka don su ma gida biyu ne. Na Japan irin Sanwa OBSF-30 ramin 30mm suke so, ƙafa biyu ne masu faɗin 2.8mm, duk wadda ka sa wa nagetif daidai ne, amma ɗan kunne gare su da ke maƙalewa a siririn ƙarfe ko roba, a katako mai kaurin 18mm ba za su kama ba sai an rage kaurin ta ƙasa. Na Amurka irin Happ da na IL ƴan Sifen dogaye ne masu zare da noti, ramin 28mm, su ne suka dace da katako, kuma suwic ɗinsu daban yake ana maƙala shi a gindi, yawanci ƙafa 4.8mm. Wannan suwic ɗin ƙafa uku gare shi, COM da NO da NC. Nagetif a COM, wayar sigina a NO, NC a bar ta haka. In ka kunna ka ga mutuminka yana ta naushi shi kaɗai sai ka danna botin sannan ya tsaya, NC ka sa wa waya.

Sanda kuma tana da nata ruɗanin, tunda a tsakiya take juyawa in ka tura kan gaba gindinta baya yake zuwa, kenan suwic ɗin da ke kusa da cikinka shi ne na sama, na hagu shi ne dama, ga shi kuma kana kallon fanel ɗin a kife. Kar ka yi lissafi da ka, tura sandar ka ga wanne ya yi ƙas ka rubuta a jikinsa da maka. Sanwa JLF ta sauƙaƙa, soket ɗaya ne mai waya 5, ɗaya gama-gari huɗu na ɓangarori, sai dai in ka juya soket ɗin za ka ga ɓangare ɗaya kawai ke aiki ko sai ka tura ta kwana. Af, ita JLF ɗin in ka cire farantin roban da ke gindinta ka murɗa na tsakiyar zai koma hanya 4 maimakon 8, kuma Pac-Man da Donkey Kong da hanya 4 aka yi su, a hanya 8 za ka ga mutumin yana ƙin shan kwana ka zaci enkoda ne alhali ba ruwansa. ServoStik na Ultimarc da ɗan moto yake wannan canjin in ba ka son buɗe fanel kullum.

Layin nagetif waya ɗaya ce baƙa da ke bi ta kan COM na kowane suwic tana tsallakawa na gaba, kamar zaren carbi, in ya tsinke a tsakiya duk na bayan wajen sun zube. Wannan ma hanyar gano matsala ce, botin ɗaya ya mutu wayarsa ce ko suwic ɗinsa, amma in huɗu biyar suka mutu tare ka bi baƙar waya ka nemo na farkon da ya daina, a nan ta zame. Ka yi wa kowane ɗan wasa layinsa daban, kuma ka dawo da ƙarshen layin ka sake ɗaure shi a GND, ta yadda ko ya yanke a waje ɗaya wuta na zuwa ta ɗaya ɓangaren.

Waya mai silli-silli za ka nema, lamba 22 AWG ko kusa da haka. Wayar netwok tana jan hankali don launi takwas ne a ciki kuma ko'ina akwai ta, amma ta cikin bango ƙarfe ɗaya ne sandararre, ka buɗe fanel ka rufe ƴan lokuta ta karye a cikin robarta inda ido ba ya gani. In dole sai ita ka yanka irin gajerun nan masu laushi da ake jona kwamfuta da su. Kan wayar kuma a matse shi da filayar matsi ta gaske, ba a ciza da filayar gida ba, kowanne ka gama ka ɗan fizge shi, wanda zai fita gara ya fita yanzu a hannunka. Kar ka yi dalma a ƙafar suwic, zafi na narkar da robarsa kuma suwic abu ne da ke mutuwa a canza. Wayar da za ta shiga ƙarƙashin sukuru ma kar ka shafa mata dalma, dalmar na lotsewa a hankali sukurun ya saki, murɗe sillayen kawai ya isa. Ka bar rara yadda fanel zai buɗe gaba ɗaya ba tare da ya ja komai ba, ka ɗaure su dami-dami, ka naɗa ɗan farin tef a bakin kowacce ka rubuta sunanta, kuma wayar wutar 220V ta bi ɗaya gefen akwatin ita kaɗai da fis ɗinta.

Botin masu fitila ƙafa biyu suke ƙarawa kuma layinsu daban ne da na suwic, su kam sun san fozitif da nagetif, in bai kama ba juya shi. Duba ko na 5V ne ko 12V kafin ka biya. Kowace fitila na iya jan wajen 20mA, guda 16 ya kai 320mA, shi kuma USB 2.0 a 500mA ya tsaya, in daga Raspberry Pi kake ja kar ka yi mamaki in ka fara ganin alamar ƙarancin wuta a saman sikirin. In kwamfuta ce a ciki ka ɗauka daga fawa ɗinta, jar waya 5V, rawaya 12V, baƙa nagetif.

Na'urar karɓar kwabo ga mu ƴan Najeriya kusan ado ce tunda an daina kashe tsaba, botin ya wadatar ko a yi amfani da ƙarafan da ake sayarwa don hakan, amma a Nijar da Kamaru da Chadi inda silallan sefa ke yawo tana da amfani sosai ga mai son ajiye akwatin a shago. Yawancinsu 12V suke ci, sai ka haɗa nagetif ɗinsu da GND na enkoda, ka auna wayar siginar da mita ka tabbata 12V ba ya fitowa ta nan, in kana shakka ka sa ɗan rile a tsakani ya zama shi ke danna botin kwabon. Da Zero Delay kam rilen dole ne.

Kar ka jira sai ka gama duka sannan ka gwada. Ka sa mita a wajen ƙara, tsinke ɗaya a GND ɗaya a sukurun botin, ka danna ka ji ƙiii, ka saki ta yi shiru, ka wuce na gaba. In ka jona, a Windows ka rubuta joy.cpl za ka ga kowane botin na kawo haske da lambarsa, a Linux jstest /dev/input/js0 ne, I-PAC kuma Notepad ma ya isa ga haruffan, sai dai Ctrl da Alt da Shift ba za su nuna a nan ba sai ka shiga menu na Tab a MAME. Gem da yawa in ka danna F2 suna buɗe shafin gwajinsu na asali, a nan ka danne duk botin ɗin mutum biyun lokaci ɗaya ka ga ko akwai wanda ke ɓacewa. Kuma tun wajen oda ka ƙara suwic huɗu ko biyar da kan waya ninkin abin da ka lissafa, don matsin farko-farko da yawa lalacewa suke yi, ga kaya na ɗaukar makonni kafin su iso.